Nazarin Lamari: Fanshon Wani Tsoho a Ingila da Gwagwarmayar Ɗaga Shi, 1980 zuwa 2025

## Wanda ake magana a kansa

Mutumin da za a bi lamarinsa namiji ne, haihuwar 1934, mazaunin Ingila. Sana'ar kansa ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, yana zaune shi kaɗai a gidan haya, kuma ajiyarsa ba ta taka kara ta karya ba. An zaɓi mai wannan hali ne domin shi ne ke nuna ƙarfin fanshon gwamnati tsurarsa, ba tare da wani abu ya tallafe shi ba. Duk adadin da za a ambata shi ne abin da doka ta tanadar wa irinsa a shekarar.

A Birtaniya, fanshon gwamnati ba na ma'aikatan gwamnati kaɗai ba ne, kamar yadda aka fi sani a Najeriya. Na duk wanda ya biya gudummawar inshorar ƙasa ne. A zamanin wannan mutum, namiji yana buƙatar shekara 44 na biya kafin ya sami cikakken fansho, kuma yana fara karɓa idan ya cika shekara 65. Akwai ƙarin fansho na biyu da aka fara a 1978, mai bin girman albashi, amma masu sana'ar kansu ba sa cikinsa. Saboda haka shi fanshon tushe kaɗai yake da shi. Ana lissafinsa mako-mako, kuma kwabo ɗari ne fam guda.

Ma'aunin talaucin da aka yi amfani da shi a nan shi ne na hukuma: gidan da abin da yake samu, bayan an cire kuɗin muhalli, bai kai kashi 60 cikin 100 na abin da gidan da ke tsakiyar jeri yake samu ba.

## 1980: inda matsalar ta faro

Daga tsakiyar shekarun 1970, doka ta ce kowace shekara a duba abu biyu, tashin albashi da tashin farashin kaya, a ƙara fansho gwargwadon wanda ya fi girma. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta cire albashi daga lissafin, ta bar farashi kaɗai. A watan Nuwamban shekarar cikakken fansho fam 27.15 ne a mako.

Mutuminmu yana da shekara 46 a lokacin, kuma babu abin da ya ragu a aljihunsa. Waɗanda ma suke karɓar fanshon ba su ga an zaftare musu komai ba, tunda ana ci gaba da yi musu ƙari. Ɓarnar a hankali take shiga, kamar yadda gara ke cin azara. A yawancin shekaru albashi yana zarce farashi da kashi ɗaya ko biyu, kuma wannan ɗan bambanci yana hawa kan na bara. Fanshon da ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matsakaicin albashi a 1979 ya gangaro zuwa wajen kashi 16 cikin 100 a shekarun 2000. A ƙarshen shekarun 1980, kusan mutum huɗu cikin kowane goma na 'yan fansho suna ƙarƙashin ma'aunin talauci.

## 1979 zuwa 1997: buƙata ɗaya, jam'iyya ɗaya

Jack Jones, tsohon babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan sufuri, ya kafa National Pensioners Convention, wadda ake kira NPC, a 1979. Gamayya ce ta ƙungiyoyin 'yan fansho na garuruwa da rassan tsofaffin ma'aikata na ƙungiyoyin ƙwadago. Bayan dokar 1980, buƙatarta ta tattaru a magana guda da kowa zai iya riƙewa: a mayar da fansho kan albashi. Hanyoyinta su ne jerin gwano, takardun koke, zuwa majalisa a tare ɗan majalisar mazaɓa ido da ido, daga baya kuma taron shekara-shekara a Blackpool da suke kira majalisar 'yan fansho.

Kusan duk fatan an ɗora shi ne a kan jam'iyyar Labour. A zaɓen 1992 ta yi alkawarin ƙarin fam 5 ga mutum ɗaya da fam 8 ga ma'aurata, tare da mayar da alaƙar da albashi. Ta faɗi zaɓen. Shugabannin da suka biyo baya suka ɗauka cewa alkawuran kashe kuɗi ne suka kayar da su, sai suka janye. A babban taron jam'iyyar na 1996 Barbara Castle, wadda take ministar walwalar jama'a a shekarun 1970, ta matsa a sake ɗaukar alkawarin. Abin da aka ba ta shi ne za a yi nazari.

Nasara ɗaya ta fito a wannan tsakani, ita ma ta tsaro ce. Gwamnatin John Major ta sa harajin kashi 8 a kan gas da lantarkin gida a 1994, da niyyar kai shi kashi 17.5 a shekara mai zuwa. 'Yan fansho na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, kuma a Disambar 1994 majalisa ta kayar da ƙarin, har da ƙuri'un wasu 'yan jam'iyya mai mulki.

## 1999 zuwa 2002: kwabo 75

Mutuminmu ya cika shekara 65 a 1999, ya fara karɓar fam 66.75 a mako. Lissafin da masu fafutuka suka yi ya nuna cewa da ba a taɓa dokar ba a 1980, da abin da ke hannunsa ya fi haka da kusan fam 30.

Gwamnatin Labour ta Tony Blair da ta hau a 1997 ta bi wata hanya dabam. Ministan kuɗi Gordon Brown ya ce ƙarin bai-ɗaya yana zuba kuɗi ga masu hali da marasa hali daidai, gara a nufi na ƙasa kai tsaye. A Afrilun 1999 aka kafa mafi ƙarancin abin da ɗan fansho zai rayu a kai, fam 75 a mako ga mutum ɗaya. Wanda bai kai ba za a cika masa, amma sai ya nema, ya bayyana duk abin da ya mallaka. Cikon mutuminmu fam 8.25 ne. Idan ajiyarsa ta haura fam 8,000, ya fita daga ciki gaba ɗaya. An kuma kawo kuɗin ɗumama gida na hunturu, wanda ya fara da fam 20 a 1997 ya koma fam 100 a 1999.

Fanshon tushe kuwa an bar shi a kan farashi, kuma adadin watan Satumba ake ɗauka. A Satumbar 1999 hauhawar farashi kashi 1.1 ce kawai. Sakamakon shi ne ƙarin kwabo 75 a Afrilun 2000, fansho ya koma fam 67.50. Ta fuskar doka babu kuskure a lissafin. Amma ƙungiyoyin 'yan fansho, waɗanda suka shafe shekara ashirin suna bayanin kashi-kashi ba a saurare su ba, sun sami adadin da ba ya buƙatar bayani, kuma ya fito a lokacin da tattalin arziki ke bunƙasa. Labour ta sha kaye a zaɓen ƙananan hukumomi na watan Mayu, masu bin gida-gida neman ƙuri'a suka dawo da rahoton cewa maganar da ake tarar su da ita ke nan.

A watan Satumba, a babban taron jam'iyyar a Brighton, Rodney Bickerstaffe na ƙungiyar ƙwadago ta Unison ya jagoranci ƙudurin mayar da alaƙar da albashi. Barbara Castle, tana da shekara 89, ta tashi ta yi magana. Ƙudurin ya wuce duk da adawar shugabanni, kuma Blair ya amsa a bainar jama'a cewa saƙon ya iso. A Nuwamba Brown ya sanar da ƙarin fam 5 a Afrilun 2001 da fam 3 a 2002, ya kuma kai kuɗin hunturu fam 200. Daga baya aka yi alkawarin cewa ƙarin shekara ba zai gaza kashi 2.5 ba. Fanshon mutuminmu ya zama fam 72.50, sannan fam 75.50.

Ƙudurin Brighton bai ɗaure gwamnati ba, kuma alaƙar da albashi ba ta dawo ba.

## 2003 zuwa 2009: ciko ga mai nema, da aikin hukumar Turner

A Oktoban 2003 aka maye gurbin tsohon cikon da sabon tsari mai suna Pension Credit. Mafi ƙarancin ya zama fam 102.10 ga mutum ɗaya, kuma ana ɗaga shi gwargwadon albashi. Fanshon tushe fam 77.45 ne a shekarar, don haka cikon mutuminmu ya kai fam 24.65 a mako. An cire iyakar ajiyar da ke fitar da mutum kwata-kwata. Ba a lissafa fam 6,000 na farko, wanda aka mayar fam 10,000 a 2009, sannan kowane fam 500 da ya hau kai ana ɗaukarsa a matsayin samun fam 1 a mako. Samun cikon yana buɗe wasu ƙofofi da sau da yawa suka fi shi kansa daraja: taimakon kuɗin haya, rangwamen harajin ƙaramar hukuma, da maganin haƙori kyauta.

NPC ba ta yi maraba da tsarin ba. Hujjarta ita ce tsoho bai kamata ya baje sirrinsa kafin ya ci haƙƙinsa ba, kuma da yawa ba za su nema ba. Alƙaluman ma'aikatar fansho sun yi ta nuna, shekara bayan shekara, cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka cancanta ba sa karɓa. Dalilan sanannu ne: wani bai san da shi ba, wani yana zaton ɗan gidan da ya mallaka ko 'yar ajiyarsa ta hana shi, wani kuma kunya.

A gefe guda ana ta samun ƙananan ribobi. Lasisin talabijin, wato kuɗin da gida mai kallon talabijin ke biya duk shekara, ya zama kyauta ga mai shekara 75 daga 2000, wanda mutuminmu ya isa a 2009. Shiga motar bas kyauta bayan cunkoson safiya ya game duk Ingila a Afrilun 2008. Akwai kuma fam 200 na rage harajin ƙaramar hukuma da aka sanar gab da zaɓen 2005, aka biya sau ɗaya, ba a sake ba.

Abin da ya sauya akalar muhawarar ya fito ne daga wajen zanga-zanga. A Disambar 2002 gwamnati ta kafa hukumar nazarin fansho mai mutum uku: Adair Turner, wanda ya taɓa jagorantar ƙungiyar masu masana'antu, Jeannie Drake daga ɓangaren ƙwadago, da masani John Hills. Rahoton farko na 2004 bai ba da shawara ba, alƙaluma kawai ya shimfiɗa har kowa ya yarda da su. Na biyu, a Nuwamban 2005, ya nuna cewa idan aka bar fanshon tushe yana zamewa, mafi yawan 'yan fansho za su wayi gari a tsarin ciko, kuma hakan zai kashe wa ma'aikata gwiwar yin tanadi, tunda abin da ka tara zai rage maka abin da za a ba ka. Hukumar ta haɗa abu uku a ƙunshi guda: a mayar da fansho kan albashi, a ɗaga shekarun fara karɓa, a riƙa sanya ma'aikata cikin tsarin tanadi na wurin aiki kai tsaye sai wanda ya ce ba ya so. Dokar 2007 ta amince da mayar da alaƙar daga 2012, ko kafin ƙarshen wa'adin majalisa mai zuwa, ta kuma tsara kai shekarun fansho 68 a tsakiyar shekarun 2040. Jack Jones ya rasu a 2009, kafin a fara aiki da ita.

## 2010 zuwa 2016: makulli uku

Kafin zaɓen 2010 manyan jam'iyyu uku duk sun yarda da alaƙar da albashi. Jam'iyyar Liberal Democrat ta zarce su da tsarin da aka sani da makulli uku: kowace shekara a ɗauki mafi girma tsakanin tashin albashi, tashin farashi, da kashi 2.5. Babu jam'iyyar da ta sami rinjaye, tsarin ya shiga yarjejeniyar gwamnatin haɗaka da Conservative, kuma Steve Webb na Liberal Democrat, wanda ya daɗe yana kare shi, ya zama ministan fansho. Binciken kamfanin Ipsos MORI ya nuna cewa a wannan zaɓe kusan kashi 76 na masu shekara 65 zuwa sama sun fito, matasa 'yan 18 zuwa 24 kuwa kusan kashi 44.

Lokacin ya zo daidai da shekarun da albashi ya tsaya cik bayan rikicin bankuna. Da albashi kaɗai aka bi, da ƙarin ya yi ƙanƙanta. Farashi da kashi 2.5 ne suka ɗauki nauyin. Fanshon mutuminmu ya tashi daga fam 97.65 a 2010 zuwa fam 107.45 a 2012, ya kai fam 119.30 a 2016. Talaucin 'yan fansho, wanda yake wajen kashi 29 a ƙarshen shekarun 1990, ya sauko wajen kashi 13 zuwa 14 a farkon shekarun 2010.

A 2014 ya cika shekara 80, aka ƙara masa kwabo 25 a mako. Wannan ƙari an kafa shi a 1971, ba a ɗaura shi da komai ba, kuma har yau kwabo 25 ne. Haka fam 10 na Kirsimeti, tun 1972.

A Afrilun 2016 aka fara sabon fansho na fam 155.65, amma ga waɗanda suka isa shekarun fansho daga ranar 6 ga watan. Shi ya ci gaba da zama a tsohon tsari.

## 2017 zuwa 2025: kare abin da aka samu

A zaɓen 2017 firaminista Theresa May ta jam'iyyar Conservative ta shiga da alkawarin cire kashi 2.5 daga makullin da taƙaita kuɗin hunturu. Ta rasa rinjayenta, kuma yarjejeniyar da ta ƙulla da jam'iyyar DUP ta Arewacin Ireland ta bar duka biyun yadda suke.

Lasisin talabijin ya tafi ta wata hanya. Gwamnati ta miƙa nauyinsa ga BBC a 2015, BBC ta sanar a 2019 cewa masu karɓar Pension Credit kaɗai za su ci gaba da samu. Ƙungiyar agajin tsofaffi ta Age UK ta tara sa hannu sama da rabin miliyan, NPC ta yi zanga-zanga, amma gwamnati na nuna BBC, BBC na nuna gwamnati. Daga Agustan 2020 sauran suka koma biyan fam 157.50 a shekara.

A 2022 aka jingine ɓangaren albashi na shekara guda, saboda annobar korona ta sa alƙaluman albashi sun nuna tashin sama da kashi 8 wanda ba na gaske ba ne. Aka ƙara kashi 3.1, farashi kuwa ya kai kashi 11.1 a Oktoba. Talaucin 'yan fansho ya riga ya koma wajen kashi 18 a waɗannan shekaru, kusan mutum miliyan biyu, kuma masu zaman haya da mata marasa miji da waɗanda suka tsufa sosai ne suka fi yawa a ciki. Makullin ya dawo da ƙarin kashi 10.1 a 2023 da kashi 8.5 a 2024.

A Yulin 2024 ministar kuɗi ta sabuwar gwamnatin Labour, Rachel Reeves, ta taƙaita kuɗin hunturu ga masu karɓar Pension Credit da makamantansa, abin da ya fitar da kusan mutum miliyan goma. Ga mai shekara 90 irin mutuminmu, fam 300 ne. Idan yana karɓar ciko, kuɗinsa na nan. Idan yana cikin waɗanda ba su taɓa nema ba, sai ya shigar da takarda kafin 21 ga Disamba, domin wata uku kaɗai ake komawa baya, kuma takardar tana da tambayoyi sama da 200. Majalisa ta goyi bayan gwamnati da ƙuri'a 348 a kan 228. Babban taron Labour a Liverpool ya ƙi amincewa da matakin, gwamnati ba ta motsa ba. Ta motsa ne bayan kayen zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2025, wanda a ranarsa ta rasa kujerar majalisa ta mazaɓar Runcorn da Helsby da ƙuri'a shida. A Yuni aka mayar da kuɗin ga duk wanda samunsa bai wuce fam 35,000 a shekara ba.

## Hukunci

A Afrilun 2025 mutuminmu yana karɓar fam 176.45, da kwabo 25 na tsufa. Mafi ƙarancin da Pension Credit ya tanada fam 227.10 ne. Cikakken sabon fansho fam 230.25 ne.

Buƙatar NPC daidai ce tun farko, kuma ba don ta riƙe ta shekara talatin ba, da babu wanda zai tuna da ita lokacin da dama ta zo. Amma matsin lamba shi kaɗai kyautar lokaci guda ya riƙa samowa: fam 5, fam 200, motar bas. Ire-iren waɗannan ko dai a janye su, ko a bar farashi ya cinye su, kamar kwabo 25 ɗin nan. Ƙa'idar ƙarin shekara ce ta dawwama, kuma ba ta samu ba sai da hukumar Turner ta mayar da ita maganar masu masana'antu da ma'aikatar kuɗi, ta kuma nuna inda za a biya, wato ɗaga shekarun fara karɓa. Wannan farashi ya fi faɗawa kan masu aikin ƙarfi da mazauna yankunan da ba a cika yin tsawon rai ba, kuma ƙungiyoyin 'yan fansho ba su iya hana shi ba.

Dogaro da jam'iyya ɗaya ya ci shekara goma sha bakwai ba riba, kuma da ta hau mulki ta ƙi buƙatar. Ƙudurin babban taro sau biyu ya wuce, a 2000 da 2024, kuma duka biyun ya yi tasiri ne kawai inda asarar kujeru ta tsaya a bayansa. Inda aka raba alhaki tsakanin hukumomi biyu, kamar lasisin talabijin, sa hannu rabin miliyan bai sami wanda zai kama ba. Ya kamata a lura kuma cewa makulli uku alkawarin siyasa ne. Abin da ke rubuce a doka shi ne bin albashi, shi ma majalisa ta iya jingine shi a 2022.

Inda masu fafutukar suka yi rauni shi ne a kan tsarin ciko. Sun yi gaskiya cewa da yawa ba za su nema ba, amma ga mutum irin wannan, cikon ne ya fi ɗaga shi tsakanin 1999 da 2010, shekarun da talauci ya fi sauka, tun kafin makulli uku ya fara aiki. Ƙarfin da aka zuba wajen ƙin tsarin bisa aƙida ya fi wanda aka zuba wajen tilasta wa gwamnati ta riƙa biyan cikon kai tsaye, alhali ma'aikatar fansho da hukumar haraji da ƙananan hukumomi suna riƙe da yawancin bayanan da ake tambaya a takardar. A Afrilun 2025 fanshon tushe na mutuminmu, har da kwabo 25 na tsufa, yana ƙasa da mafi ƙarancin da gwamnati da kanta ta yanke da fam 50.40 a mako, kuma samun wannan kuɗi, da taimakon haya da lasisin talabijin da ke biye da shi, ya rataya ne a kan ko akwai wanda ya zauna da shi suka cika takardar.